Inda Ake Aza Ido

Baba Hanus hoto guda yake so, ba biyu ba:
katangar dutsen da ya gina da hannunsa a Gjógv,
da tsibirin Kalsoy can ƙetaren ruwa,
inda aka binne cibiyar mahaifiyata.
Su fito tar, in ji shi. Kada ɗaya ya ci haƙƙin ɗaya.

Na kafa mai ƙafa uku cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa,
na murɗa zoben gilashi
har gansakukar katanga ta fito sili-sili kamar gashin gira.
Na duba sama: Kalsoy ya narke,
ya zama tabon toka a gefen gajimare.
Na mayar da zoben can nesa.
Tsibiri ya miƙe da tsagoginsa da fararen tsuntsayensa,
katanga kuwa ta koma dishi-dishi,
kamar sunan da ka sani sarai amma ya ƙi zuwa baki.

"Rannvá," ya ce daga kan akwatin kifin da yake zaune,
"zaɓe kike yi. Ban aike ki zaɓe ba."

Shekara arba'in yana ɗaukar jiragen masunta
kafin yana ta lulluɓe masa idanu.
Yanzu yatsunsa ke murɗa iska,
suna tuna abin da ido ya ajiye.

"Taku nawa daga ƙafarki zuwa dutsen farko?"
Bakwai.
"Ninka. Me ke wurin?"
Ba komai, Baba. Wani karkataccen turke ne,
da guntun waya mai tsatsa,
da ulun tunkiya a maƙale.
"Shi za ki saita."

Na ji haushi.
Na hawo tudun nan da kaya niƙi-niƙi
don in zuba wa turke ido?

"Tsuke ƙofar haske. Sha ɗaya.
Kada zari ya kai ki ashirin da biyu,
rami in ya cika ƙanƙanta, shi ma dama hoto yake yi."

Amma ƙofa in ta tsuke,
haske bi da bi yake shiga, kamar tumaki a bakin shinge,
iskar teku kuwa ba ta san jira ba.
Ta kaɗa ciyawa, ta girgiza ƙafafun ƙarfe,
ta watsa min gishiri a gilashi.
Na goge. Na cika jaka da duwatsu na rataya a ƙasa.
Na sa ƙidayar daƙiƙa biyu,
na janye hannuna kamar mai barin jariri ya yi barci.

Sau tara iska ta ɓata.
A na goma ta tsaya shan numfashi.
Ƙyas.

Ranar Talata na kawo shi a babbar takarda.
Ya kai shi dab da hanci.
Ya miƙa shi iya tsawon hannu.
Ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Karanta min."

Na fara daga ƙasa.
Ga gansakuka. Ga dutsen da ya fasa maka babban yatsa.
Ga tunkiyar Tróndur mai yagaggen kunne, ta shigo ba sallama.
Ga ruwa, kowace tamoji a fuskarsa.
Ga ƙaramin jirgi, har igiyarsa ana gani.
Can ƙarshen tsibiri, farin ɗigon hasumiyar fitila.

"Bayan ɗigon nan gidansu yake."
Bai fito ba, Baba. Dutse ya tare.
"Na sani. Hanyar dai ta fito duka?"
Duka.

Ya yi shiru, yana shafa takarda da tafin hannu,
daga katanga zuwa teku, daga teku zuwa katanga.
Sai yatsansa ya tsaya a tsakiya,
ɗan hagu kaɗan da inda ya kamata.
"Turken fa?"

Na matsar masa da yatsan.