Wainar Lesta

Likita ta duba takardar jinina,
ta cire tabarau, ta ce: Tanimu,
burodin nan da shayi mai cokali uku
su ke cin ka, ba kai ke cin su ba.
Na fito ina lissafi a tashar bas:
in an ɗauke wa mutum karin kumallonsa
me ya saura a safiyar?

Vasuki ce ta ji ƙorafina a matakala,
maƙwabciyata ta hawa na biyu,
wadda mijinta ke jan bas mai lamba sha huɗu,
ni ina jan ashirin da biyu.
Washegari ta rataya min leda a ƙofa:
shinkafa, da jan adas,
ƙanana kamar maɓallan rigar jariri,
da takarda: Jiƙa su tun dare. Ban da gaggawa.

Na jiƙa.
Kofi biyu na wannan, ɗaya na wancan.
Suka kwana a roba ɗaya
kamar fasinjojin da mota ta lalace musu a daji,
da asuba kowa ya kumbura, kowa ya yi laushi.

Ƙarfe biyar, Lesta ba ta buɗe ido ba,
yayyafi na ƙwanƙwasa taga da farce.
Na naɗe injin markaɗe da tawul
don kar ya tashi mutanen sama.
Duk da haka da ya yi gurnani
sai ga ni a Funtuwa, ɗan shekara tara,
da bokitin Gwaggo Talatu a ka,
ina bin layi gidan niƙa,
ina lasar ƙullu da yatsa in ba mai kallo.

Albasa, citta, attarugu rabi,
ganyen kori da Vasuki ta tsinko daga tukunyar tagarta,
gishiri ɗan kaɗan, likita na tsaye a kafaɗata.
Ba tanda a nan,
sai kasko mai faɗi, baƙi, ba rami ko ɗaya.
Na zuba ludayi guda,
na zagaya da bayansa daga tsakiya zuwa baki
kamar yadda nake zagaya shataletalen Belgrave.

Ta farko ta kama.
Ta biyu ta yage gida uku.
Ƙararrawar hayaƙi ta kwarmata wa unguwa asirina,
na hau kujera ina yi mata fifita da faifai.
Rumasa'u ta leƙo, barci a ido, bargo a wuya:
Baba, wace wainar ake toyawa?
Na ce, yau dai tambayarki ta faɗa daidai.

Ta uku ce ta yarda.
Bakinta ya ɗago da kansa, ya yi ja,
ƙananan idanu suka buɗe a fuskarta,
na juya ta, ta kwanta lafiya.
Rumasa'u ta gutsura, ta hura, ta ce fanke ne.
Na ce a'a.
Waina ce da ta yi doguwar tafiya,
ta rame a hanya.

Na kai wa Vasuki biyu a faranti
da yajin ƙulin da aka aiko min bara.
Ta ɗaga ɗaya ta duba a hasken fitila,
ta ce, ta yi kauri, da uwata ta kore ka daga kicin.
Ta dangwali yajin.
Ta yi shiru.
Ta ce, wannan garin fa, saura nawa gare ka?

Shida da kwata na soki yatsa,
na'ura ta nuna lambar da ba ta ba ni kunya ba.
Na sa rigar aiki, ƙanshin citta a hannun riga.
Kafin in ja ƙofa
na sake zuba kofi biyu da ɗaya a roba,
na rufe su da ruwa.