Aljihun Hagu

A kasuwar dabbobi ta Karakol na saye shi,
ranar Lahadi, duhu bai gama naɗe tabarmarsa ba.
Bikili ne, da farin tabo a goshi kamar ɗigon nono.
Mai shi ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya cusa a takalmi,
ya ce, "Ƙafafunsa ƙarfe ne."
Bai ce komai a kan bakin ba.

Kafin mu hau gangaren Jirgalan ya sa mini hatimi:
shatin haƙora shida a dantse,
ta cikin rigar sanyi, ta cikin ta ciki.
Da dare wurin ya yi ja,
da safe ya koma launin tafkin Isik-Kul in hadari ya haɗo.

Maƙwabcina Toktosun ya leƙo ta kan shinge,
farar hularsa a karkace.
"Saikal, mari ɗaya a hanci, kin ga an wuce wurin."
Na gwada. Allah ya gani, na gwada.
Washegari ya cije ni da saurin da ya fi na jiya,
ya fizge kai sama tun hannuna bai tashi ba.
Nan na san ba ni ce farau ba.
Wani ya riga ni koya masa wasan:
ciza, kauce, ciza.

Sai a rana ta tara na lura
ba namana yake so ba, aljihun hagu yake bi.
A nan wani ya saba ajiye masa sukari,
hannu ɗaya na bayarwa, ɗaya na duka,
shi kuwa bai san wanne zai fito ba.

Na ɗinke aljihun da baƙin zare.
Sha'ir a bokiti, tuffa a ƙasa,
tafin hannuna ba komai sai sanyi.
Na kawo 'yar kujera nesa da turke kaɗan,
ina feraye dankali, ban ko dube shi ba.
Ya yi huci, ya tona ƙasa da kofato.
Na ci gaba da dankalina.
Kwana huɗu muna haka, kamar baƙi biyu a tasha.

In ina taje gezarsa ya juyo da baki,
gwiwar hannuna na nan a tsaye.
Ba ita ke zuwa ba, shi ke karo da ita,
kuma wa ya taɓa riƙe ƙyaure a zuci
don ya buge shi cikin duhu?
Sai in ce "baya", ya ja taku biyu,
in koma kan gezar kamar ba a yi ba.

Ƙarƙashin cikinsa na sami tsohon tabo,
inda majayin sirdi ya taɓa cin fata.
Yanzu rami ɗaya nake ja, in tsaya,
in bari ya sauke numfashi,
in ƙara ɗaya.

Wanda maciji ya sara, tsumma ma tsoro yake ba shi.
Mu biyu ke nan.
Har yau in hancinsa ya matso, kafaɗata na ƙanƙancewa,
har yau in na ɗaga hannu gyaran ɗankwali, idonsa na ƙiftawa.

Daren da dusar ƙanƙara ta fara sauka
na fita da fitila in duba ruwansa.
Ya tako, ya shinshina aljihun da na ɗinke,
ya daɗe a wurin.
Sannan ya ɗora haɓarsa a kafaɗata, da nauyinta duka,
tururin hancinsa na shiga mini wuya.
Fitilar ta yi mini nauyi, ban sauya hannu ba.

Toktosun ya ce sa'a ce kawai.
Ya faɗa yana jingine da shinge,
Toru kuwa ya miƙa wuya a hankali
ya cire masa hula.