Ƙidayar Ƙafa

Shekara ashirin ina suyar fara a Ƙofar Guga,
ina fige fiffike, ina tsinke ƙafa,
ban taɓa tsayawa na ƙirga ba.

Sai da Sahura ta zo hutu, littafi a hammata,
ta tsuguna gaban kasko, ta ɗau guda a faranti.
"Inna, ƙirga mini."
Na ce, ke, mai yana ƙuna.
Ta ce, shida ce. Ga kai, ga ƙirji, ga ciki,
kuma duk mai ƙafa shida ɗan ɗakinta ne:
sauron da ya hana mu barci jiya,
garar da ta cinye azarar zaure,
zanzaro mai ɗamara, buzuzu da kayansa,
har malam-buɗe-littafi da duk kwalliyar nan.

Na ce, to kunama fa,
wadda ta harbi ubanki a gonar Ajiwa
ya kwana yana kiran sunan kakarsa?
Ta yi dariya. Takwas gare ta, in ji ta,
ba fiffike, ba ƙahon shinshina,
ɗakinsu ɗaya da gizo-gizo
da kaskar da nake cire wa akuya a kunne.
Kaska! Ni da na ɗauka ƙanwar kwarkwata ce.

Ƙaguwa kuwa, mai tafiya a karkace,
ita da jatan landen miya, nasu ɗakin bakin ruwa.
Na huɗun na shanshani ne da ƙadandoniya,
waɗanda Allah ya yi wa ƙafa ba awo.

Ɗaki huɗu, gida guda.
Na ce, me ya haɗa su, ba kama ba dangin kama?
Ta lanƙwasa ƙafar farar a gabana,
gaɓa bayan gaɓa.
Ta ce, ƙashinsu a waje yake, naman yana ciki,
rigar ba ta miƙewa,
in za su girma sai ta tsage su fita.
Wai haka Malam Nalado ya koya musu.

Ban ce komai ba. Na juya kasko.
Na tuna rigarta ta firamare
tana nan rataye a ƙusa bayan ƙyaure,
da hannun riga, da aljihu, ba kowa ciki.

Ta koma makaranta ran Asabar.

Daren Litinin na ɗaga randa,
sai ga shanshani, ja, yana sheƙa gudu.
Na sa masa takalmi, ban fasa ba,
ilimi bai hana cizo.
Amma na ɗauko tocila na durƙusa,
da tsinken tsintsiya ina bi ɗaya-ɗaya.
Na kai ashirin da bakwai
maigida ya yi tari daga ɗaki,
"Tasalla, me kike nema a ƙasa?"
Lissafin ya ɓace mini.
Na koma wajen kai, na sake farawa.