Wa Ya Koro Ka?

Na bar keken ɗinki lulluɓe da tsohon zane,
na bar Zango tana miƙa, mai ƙosai ba ta hura wuta ba.
Takalmina na gwanjo, na hagu ya fi na dama tsufa.
Na bi hanyar Mirriya har kwalta ta ishe ni,
sai na karya, na faɗa yashi.

Nan ƙasa ba ta miƙe tsaye ba, ba ta kuma kwanta ba,
kamar bargo ne aka rufa wa yara masu barci:
tudu, kwari, tudu.
Hawan da ido ya raina,
gwiwa ce ke sanin tsayinsa.

Laminu ne ya yanka mini wannan hanya
shekarar da likita ya ce sukari ya hau jinina.
Ya ce, "Mutari, shekara talatin ƙafarka na taka keke
ba ta kai ka ko bakin ƙofa ba.
Taso ta taka ƙasa."
Shi ya raɗa wa tuddan suna.
Ga Tudun Tari, inda na fara durƙusawa ina neman numfashi.
Ga Tudun Bashi, mai daɗin gangara,
a komowa ake biya.
Na ukun ya ce a bar shi tukuna,
sai mun ga halinsa.

Damina ta yi nisa yanzu.
Hatsi ya fid da kai, ya fi ni tsawo,
wake na rarrafe a gindinsa,
raɓa ta jiƙa mini ƙwauri tun kafin zufa ta zo.
Gawo kaɗai ya tuɓe ganye,
shi dai bai taɓa yarda da abin da kowa ya yarda ba.
Zabi bakwai suka shiga gabana da gudu,
ba su kauce ba, ba su tashi ba,
sai da muka kai duwatsun nan masu zaman ƴan majalisa
suka watse cikin sabara.

Numfashi biyu ciki, biyu waje.
Amalanke ya wuce ni, sa yana tafiyar ganin dama,
yaron da ke kai ya ce, "Baba, hau mana, kyauta ne."
Na ɗaga masa hannu. Magana tsada gare ta a kan hawa.

A kwarin da ke bayan Tudun Bashi akwai rijiya.
Can Inna Tsahara take kowace safiya da gugarta,
kuma kowace safiya sai ta ce,
"Ku masu gajeren wando, wa ya koro ku?"
Laminu ya ce, "Tuwon jiya, Inna!"
ta yi dariya har igiya ta kusa kuɓuce mata.

Wata huɗu ban biyo ba.
Yau ta ɗago, ta dube ni, ta dubi bayana,
ta daɗe tana duban bayana.
"Ina ɗayan?"
Na ce, "Ya riga ni."
Ba ta ce wa ya koro ni ba.
Ta karkato guga, na tara hannu,
ruwan da sanyi, da ɗanɗanon roba da ƙasa.

Na hau na ukun a hankali.
Daga samansa ana hango Damagaram duka,
tankin ruwa, hasumiya, hayaƙin karin kumallo,
da hanyar da muka yanka tana nutsewa tana ɓullowa
kamar zare a bakin riga.

Har yau ba shi da suna.
Na tsaya na ƙirga goma, kamar yadda muke yi,
na bar wuri a damana,
sannan na gangara.
Akwai wandon mutum da na yi wa alkawarin azahar.