Jan Biro

A littafin haihuwa na ɗakinmu, nan Dakingari,
baƙin biro ne ke aikin kullum:
namiji, mace, nauyi kaza, uwa lafiya.
Jan kuwa yana can ƙasan aljihun tebur,
sai abin da baki ke nauyin faɗa.

Shekaru goma na farko, sau biyu na taɓa shi.
Bana, tun ba a yanke shinkafar rani ba,
na ciro shi sau uku.

Ban sani ba ko abin ne ke ƙaruwa,
ko babura ne suka yawaita
suna kawo mana waɗanda a da
ake rufewa shiru kafin ranar suna.
Littafi bai san wannan ba. Ƙirga kawai ya iya.

Ta ukun ita ce 'yar Hajo.
Ƙarfe biyun dare, fitilar waya a bakina,
ta faɗo da kuka mai ƙarfi, kai cike da suma,
yatsu goma sama, goma ƙasa,
sai dai dama da cibiya
wata ƙofa, ba ta fi bakin kwalba ba,
hanji ya bi ta nan ya fito,
jawur, da ɗumi, yana sheƙi,
tare bisa cinyarta kamar carbin da aka aje da gaggawa.

Kakar ta ja baya tana salati,
ta ce baki ne, ta ce an gama da su.
Na ce, Inna, riƙe mini fitila.

Farar leda sabuwa na zura ta ciki har hammata,
na kwantar da ita kan gefen dama,
na hana nono.
Nan ne ya fi ciwo.
Gaban rigar Hajo ya jiƙe sharkaf
tana kallon bakin da ke nema.

Akwai takardar tambayoyi da nake cikewa.
Shekarun uwa? Ashirin ba ɗaya.
Haihuwar fari? Ita ce.
Taba? Ta yi murmushi duk da zafi.
Hayaƙin murhu kuwa ba shi da gurbi.
Magani a watannin farko?
Ƙwayar ciwon kai daga faifan mai talla,
rabi ja rabi fari, ba ta san sunanta ba.
Zafin fitsari? Ta sunkuyar da kai.
Feshi? Ita ke wanke rigar Arzika
in ya dawo fadama yana warin magani.
Abinci? Tuwo. Kifi sai ran kasuwa.

Ta ce, Anti, wanne ne laifina a ciki?

Na aje biro.
Na ce, masu karatun abin sun ce
ya fi son cikin fari da uwa mai ƙuruciya.
Sauran, sawu ne ake bi cikin yashi,
ba wanda ya kama ɓarawon da hannu.
Na karɓi haihuwar wadda ta cika duk guraben nan,
ga ɗanta can yana kora awaki.

Kafin kiran assalatu Arzika ya jinginar da injin ban-ruwa,
ya samo motar da ke kai albasa.
Sakkwato da nisa ga mai hanji a leda.
Na ɗora ta ƙirjin uwar, na lulluɓe su da zanena,
na rubuta lambar wayata a bayan hannunsa
don takarda na ɓata.

Ran bakwai kakar ta zo da goro biyu a gefen mayafi.
An yanka rago, jaririya ba ta gida.
Zulai aka raɗa mata.
Ta ce sun rataye hanjin cikin jaka bisa cikinta,
kullum ana tura kaɗan ya koma,
kamar mai lallashin baƙo ya shigo ɗaki.

Yau kwana sha ɗaya.
Gurbin ƙarshe a layinta fari ne fat.
Wayata na kan tebur, a cike da caji,
biro biyu kwance gefenta.