Shirun da ke Tsakiyar Kiɗa

Ruwa ake yi a Todmorden tun hantsi,
yayyafin nan mai naci kamar mai bin bashi.
Na ajiye bas ƙarfe shida, ko rigar aiki ban tuɓe ba,
na haye matakalar zauren gari,
don Raliya ta ce, Baba, in ka makara ba ni ba kai.

Yau shekara ɗari biyu da haihuwar Silas Ormerod.
Ban san shi ba. Ga zanensa a bakin ƙofa:
kwat ta yi masa yawa,
ido irin na wanda aka cinye wa kuɗin ƙwadago.

Kujerun gaba fam arba'in ne.
Mu 'yan fam biyar muna can sama, dab da rufi,
ni da wani tsoho, Wilf, mai warin taba da man zafi,
wanda bai tambayi sunana ba ya kama ba ni labari.
Ɗan masaƙa ne, in ji shi, uwarsa a bakin inji ta kurumce.
Mai masaƙa ya biya shi ya tsara kiɗan yabo
na ranar buɗe sabon gini.
Ya karɓi kuɗin. Ya tsara wannan.
Daga ranar ko sallamarsa ba a ƙara amsawa ba.

Sai fitilu suka yi ƙasa.

A garinmu kiɗa da mai shi,
a kira wane, wane ya sa hannu a aljihu.
Na kasa kunne in ji wa za a kira.
Ba a kira kowa ba.
Wata 'yar sarewa ce ta fara, ita kaɗai,
siririya kamar zaren da ya kusa tsinkewa,
goge ya kama mata, wani ya kama wa goge,
har ƙaton ƙahon nan mai muryar basarake
sai da ya bi layi,
ya faɗi abin da sarewa ta faɗa, bai ƙara ko wasali ba.

Raliya na sahu na uku, ta hagu.
Ɗankwalinta ya zame, ba hannun gyarawa.

Kwatsam komai ya tsaya.
Sandar madugu a sama, ba mai ko tari.
Wilf ya damƙi hannuna, ya ce ƙirga.
Goma sha ɗaya.
Yaran da inji ya ci a shekara guda,
kowane yaro numfashi ɗaya.

Ni kuwa cikin shirun nan Kakuri na ji:
jiniyar asuba, kekuna dubu na gangarowa,
babana da auduga a gashin ido,
shekara ashirin da shida yana saƙa atamfar
da bai taɓa iya saya wa Inna ba.
Ran da aka sa wa ƙofa kwaɗo
aka ce su dawo wata mai zuwa a sallame su.
Takardar na nan a akwatina.
Shi ne ba ya nan.

Da kiɗan ya dawo, da kowa ya dawo,
kamar rumfa ta tashi a tsaye ta ce a'a.

Na ƙasa suka tafa, mu ma muka tafa,
tafi dai ba shi da farashi.
Mai sarƙar zinare ya yi jawabi kan 'yan'uwantaka,
ya duba agogo sau biyu.
Aka yanka kek. Kafin ya hau bene ya ƙare.

Wilf ya zaro biskit daga aljihu, ya karya, ya ba ni babban ɓarin.
Shekara ɗari biyu, ya ce, har yau ba su ji ba.
Na ce sannu ba ta hana zuwa.
Ya ce, ɗana, shekarata tamanin da ɗaya.

A hanyar gida na ɗaukar wa Raliya akwatin gogenta.
Tana gaba, tana tsallake kwatami,
tana bin muryar sarewar da hanci.
Daidai gadar jirgi ta yi tsit.
Ban ce komai ba.
Ina ganin leɓenta yana ƙirgawa.