Agogon Masu Shiru

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran agogo a Nima,
rumfata tsakanin mai walda da mai sayar da kaset,
kunnena ya saba da hayaniya kamar ƙafa da tsohon takalmi.

Ran Talata Anti Adukwai ta zo da agogon bango naɗe a zane.
Ta ce, na ɗakin taronmu ne, ya tsaya tun farkon damina.
Ka kawo mana ran Lahadi, can wajen Acimota.
Kweka ake ce mana. Mu kuwa Abokai muke kiran junanmu.

Ciwon bai taka kara ya karya ba:
tsatsa ce, da gawar kyankyaso a bayan ƙafar minti.

Lahadi, motar haya ta makarar da ni.
Na isa ina shirin jin ganga da tafi,
don na san cocin Ankara, sai ka toshe kunne tun daga titi.
Sai na tarar da ƙofa a buɗe, mutum goma sha huɗu,
benci yana kallon benci,
ba fasto, ba mumbari, ba kwanon baiko,
ba wanda ya fi wani tsawon kujera.
Na ɗauka rasuwa aka yi.

Anti Adukwai ta matsa, ta nuna mini gefenta da ido.
Na zauna da hulata, agogo a cinya,
shi kaɗai ke magana a ɗakin:
ƙas, ƙas, ƙas,
aikin hannuna yana tona mini asiri.
Kunya ta kama ni. Na zura ɗan yatsa na tsayar da shi.

To fa.
Ashe shiru ma hawa-hawa ne.
Da fari na ji tsuntsu a bishiyar darbejiya,
da cikin wani dattijo yana ƙugi.
Can ƙasa da wannan, na ji numfashina.
Can ƙasa kuma, inda ban taɓa sauka ba,
na tarar da ƙanena Zubairu zaune yana jirana,
shi da gidan babanmu na Kumasi,
da shekara tara da ba mu ce wa juna ko ina kwana ba
saboda ɗaki biyu da rijiya.

Wani tsoho, Kwashi, ya miƙe riƙe da sanda.
Ya ce, jiya na yi wa mai kifi tsawa a kan sidi biyu,
na manta ita ma akwai hasken nan a cikinta.
Ya zauna. Ba wanda ya ce amin.
Maganar ta nutse kamar dutse a rijiya,
muka zauna muna jin zurfinta.

Da awa ta cika, ba agogo ya faɗa musu ba.
Wata ta miƙa wa na kusa da ita hannu, shi ke nan.
Aka kawo shayi da burodi mai suga,
yarinya ta tambaye ni ko hulata tana da zafi.

Sai batun rataya agogo.
Wani ya ce a maida shi inda yake.
Wata ta ce, tun da ya tsaya na fi samun natsuwa.
Na jira a ƙirga hannu. Ba a ƙirga ba.
Suka sake yin shiru, a kan ƙusa ɗaya!
Magatakarda ya rubuta: ba mu haɗu ba tukuna, sai wata mai zuwa.
Suka biya ni cif, suka ajiye shi a kabad.

Na yi azahar a masallacinmu na bakin kwata,
na daɗe zaune bayan sallama har ladan ya leƙo.
Lambar Zubairu tana nan a bayan littafin rasit.
Ta yi ƙara sau huɗu.
Ya ɗauka, bai ce komai ba.
Ni ma ban ce ba.
Amma ba wanda ya kashe.